Hukuncin Mai Fita Neman Dinya Ba Don Ya Ci Ba

A ƙasashen Turai akwai wata al'ada wadda, da za a ba da labarinta a rumfar kasuwar Isa ko a zauren wani dattijo a Tozai, da ba a rasa wanda zai girgiza kai ya ce wannan sai wanda ya ƙoshi ba. Idan sanyinsu ya kai matuƙa, ruwa ya daskare a tafkuna, yini ya gajarce, sai ka ga magidanta masu hankali da sana'a, maza da mata, sun bar ɗakunansu tun gabanin alfijir, sun rataya madubin hangen nesa a wuya, sun je sun tsaya a bakin wata fadama cikin iska mai tsaga leɓe, don kawai su ɗora ido a kan wata irin dinya da ba a cika gani ba. Akwai wata ƙarama mai jan ƙirji, wadda ke yin ƙwai a can ƙurewar arewacin Sibiriya, ta zo ta ci hunturu a gaɓar Bahar Aswad, wajen Bulgeriya da Romaniya, wadda mutane kan yi doguwar tafiya da kuɗin aljihunsu dominta. In Allah ya sa sun gan ta, ba su harbinta, ba su ɗana mata tarko, iyakarsu su rubuta sunanta da ranar da wurin a ɗan littafi. In kuwa ba su gan ta ba, sai su koma gida hannu rabbana, su jira wata shekarar.

Mas'alar da nake so in warware ita ce: Musulmi baligi mai hankali, wanda ya sakankance cewa za a yi masa hisabi a kan kwanakinsa da sa'o'insa, shin ya dace da shi ya ɓata safiya guda ta hunturu wajen neman tsuntsun da ba zai ci ba, ba zai sayar ba, ba zai ko taɓa ba? Lagawu ne wanda aka yabi muminai da kau da kai daga gare shi, ko mubahi ne kamar sauran yawon shan iska, ko kuwa akwai wani abu a cikinsa wanda ya fi haka nauyi?

Dinyoyin Turai ba su ƙetaro Sahara, saboda haka in za mu yi maganar da gaskiya sai mu yi ta a kan ruwanmu da tsuntsayenmu. Wanda ya san gabashin ƙasar Gobir ya san ƙasar gulabe ce: Gagare da Bunsuru suna gangarowa daga kudu, ta wajen Zamfara da Katsina, su haɗu a yankin Isa, Gulbin Maraɗi, wanda ya faro daga ƙasar Katsina ya shiga Nijar ya kewayo, ya dawo ya same su a yankin Sabon Birni, daga nan Rima ta kwashi ruwan gaba ɗaya ta nufi Goronyo da Wurno da Sakkwato. Ba a banza ba ne sarakunan Gobir suka kafa Alkalawa a bakin wannan ruwa, suka zauna a cikinta har ta faɗi a 1808, kuma ba a banza ba ne Ɗan Halima, da ya rabu da 'yan'uwansa na Tsibiri, ya dawo wannan kwari ya kafa Sabon Birni. Idan damina ta ɗauke, gulbi ya janye ya bar rairayi, sai ruwa ya saura a ƙananan tafkuna da ƙoramu da kwazazzabai, bado ya shimfiɗa ganyensa, burugu ya tsaya kore alhali tudu ya riga ya bushe. A nan ne masunta da makiyaya da masu noman albasa da tsuntsayen ruwa suke haɗuwa, kowa da abin da ya kawo shi.

Babbarsu ita ce dinya, wadda duk cikin dangin agwagi na Afirka babu wanda ya kai ta girma: baƙar baya mai sheƙi, farar ciki, jan baki da jajayen ƙafafu, da wata ƙaya mai ƙarfi a gwiwar kowane fiffike wadda take faɗa da ita. Tsuntsuwa ce mai wayo da tsananin tsaro, ba ta yarda mutum ya matso, kuma manomin shinkafa ya san ta sanin da ba na ƙauna ba, domin in garkenta ya sauka a gona da dare, safiya na nuna aikinsa. Sai kuma ƙaramarsu, wadda zan kira 'yar dinyar bado, da ba ta fi tattabara ba in an auna: namijin farin fuska ne, da tabo kore a gefen wuya wanda baƙin zane ya kewaye, da haƙarƙari ruwan ƙasa-ƙasa mai ja, da ɗan gajeren baki rawaya. Abincinta 'ya'yan bado, sheƙarta kuwa galibi a kogon itace take yi. Watau ba ta rayuwa sai inda tafki mai tsabta da tsohuwar bishiya suka yi maƙwabtaka, kuma wannan sharaɗi ne ya sa ganinta ke ƙara wuya. A tsakaninsu akwai kirinjijiya mai fito, da zalɓe, da jinjimi, da baƙin agwagi waɗanda ba a haife su a nan ba.

Waɗannan baƙi su ne suka fi ba ni mamaki. Agwagi ne ƙanana da ke ƙyanƙyasa a fadamun Turai da yammacin Sibiriya, in kaka ta yi su taso su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, su sauka a bakin kogin Sanagal, da fadamun Kwara na ƙasar Mali, da Tafkin Cadi, da fadamun Haɗeja da Nguru, da duk wani ruwa da ya saura a tsakani, su zauna tare da mu har wajen watan Maris, sa'an nan su juya. Ya inganta a hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buga misalin tawakkali da tsuntsu, wanda kan yi sammako da yunwa ya yi yammaci a ƙoshe. To, ga tsuntsu wanda sammakonsa tafiyar dubban mil ce, wanda aka rubuta masa rabin arzikinsa a ƙasar da dusar ƙanƙara ke rufewa, aka ajiye masa sauran rabin a cikin taɓon Gobir. Wanda ya raba arzikin nan biyu shi ne kuma ya zaunar da mu a bakin rabi na biyu, ya ba mu ikon cike tafkin ko barinsa. Wannan kuwa al'amari ne da ya kamata ya hana mai tunani sakewa.

Ta fuskar fiƙihu hanyar ba ta da tsawo. Duk almajirin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta wurin da aka karhanta farautar da aka yi don wasa kawai, aka halatta wadda aka yi don bukata; illar karhancin kuwa a fili take, ita ce ɗaukar rai ba da wani dalili ba, kamar yadda Nasa'i ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya kashe ko da ɗan ƙaramin tsuntsu a banza. Abu Dawuda kuma ya kawo labarin sahabban da suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a cikin tafiya, uwar ta zo tana shawagi a kansu cikin firgita, Annabi ya yi umurni a mayar mata da su. Mai kallo bai zubar da jini ba, bai raba uwa da 'ya'ya ba, saboda haka illar ba ta hau kansa ba, matuƙar bai tozarta salla ba, bai bar iyalinsa da yunwa ba, bai tattake shukar wani ba. Har wa yau, Alƙur'ani da kansa ya yi kira a ɗaga kai a dubi tsuntsaye: a Suratul Mulki, aya ta 19, da Suratun Nahli, aya ta 79, an ja hankalin mutum ga yadda suke tsaye a sararin sama ba mai riƙe su sai Ubangiji, a Suratun Nuri, aya ta 41, an lissafa su cikin masu tasbihi, a Suratul An'ami, aya ta 38, an shaida mana cewa al'ummomi ne kamar mu. Jahizu na Basra da Damiri na Masar sun cika mujalladai da labarin dabbobi da tsuntsaye ba wanda ya tuhume su da lalaci, Imamu Gazali kuma ya keɓe wa tafakkuri littafi guda a cikin Ihya'u.

Da a nan maganar ta tsaya da ta yi sauƙi, amma akwai wata hujja da wani malami mai kaifin basira ya taɓa kafa mini, wadda har yau nake ganin girmanta. Ya ce in dai aya ake nema, ai balbelar da ke bin shanu aya ce, kazar da ke tono a tsakar gida aya ce, ƙudurar da ta tsara gashin hankaka ita ce ta tsara na dinya, babu wata halitta da ta fi wata nuna Mahalicci don ta yi ƙaranci. Wanda ya tsallake ayoyi dubu a ƙofar gidansa ya tafi neman guda ɗaya a bayan gari, a cewarsa, zuciyarsa ba Mai ayar take nema ba, baƙon abu take nema, kuma son baƙon abu sha'awa ce irin ta rai, ko da an lulluɓe ta da rigar ibada. Na yarda da rabin wannan magana ba tare da ja ba. Cikin masu wannan al'ada a Turai da Amurka akwai waɗanda himmarsu ta koma tara sunaye, kowa na gasar ya fi ɗan'uwansa yawan irin da ya gani, har mutum ya yi tafiya mai nisa ya dubi tsuntsu na ƙiftawar ido, ya sa alama a littafi, ya juya bai san me take ci ba, bai san me ya kawo ta ba. Wannan alfahari ne da yawa, irin wanda aka zarga a cikin dukiya da 'ya'ya, kuma sauya abin da ake tarawa ba ya sauya cutar. Mai wannan niyya, in ya tsira daga zunubi, to, bai tsira daga gafala ba.

Sauran rabin maganar kuwa wani tsohon maharbi ne na Tozai ya nuna mini inda ta gaza, a shekarun da ake iya fita daji da asuba ba a tsoron kowa sai Allah. Mun fita bayan salla, hazo ya rufe gabas har rana ta fito fara fat ana iya kallonta, kowa ya duƙunƙune cikin mayafi, kaushi na tsattsage dugadugai. Muka ratsa fagagen albasa, muka wuce ƙarƙashin gawo, wanda ke da ɗanyen ganye a wannan lokaci, har muka kai wani tafki da bado ya rufe. Bai ɗauko bindigarsa ba, don na roƙe shi ya bar ta. Ya sa muka tsuguna a bayan gumbi, muka daɗe har ƙafafuna suka mutu, ni ban ga komai ba sai ganye da fararen furanni. Can sai ya taɓa gwiwata ya nuna da leɓe. Abin da na ɗauka ganyen bado ne da iska ta naɗe sai ya motsa, ya zama kai, farar fuska da koren tabo, ga macen a bayansa, ta fi shi dusashewar launi. Namijin ya kama kan bado da baki, ya fizge shi, ya nutse, ya ɓullo gaba kaɗan ruwa na gangarowa daga bayansa, bai bar ko alamar jiƙa ba. Ba su daɗe ba wani mai jaki ya yi tsawa a hanya, suka tashi ƙasa-ƙasa da sauri, farin da ke fikafikansu ya walƙa, suka ɓace.

Na ce masa, "Baba, yau mun yi sa'a."

Ya ce, "Malam, sa'a kam mun yi, amma ka makara. Nan wurin da kaka gani, da muna yara, in gauraki sunka sauka ba ka jin kiran ɗan'uwanka. Yanzu hwa? Tambayi ɗiyan ga, wa at taɓa ganin gauraka in ba a gidan mai kuɗi ba?"

Daga nan ya shiga lissafa mini, tafki bayan tafki, abin da ke sauka a kowanne da, da abin da ya daina sauka, da shekarar farin da aka yi wa kowanne ganin ƙarshe, da kukar da aka sare wadda ƙananan nan ke sheƙa a cikinta. Mutumin nan bai yi karatun boko ba, na allo ma bai yi nisa ba, amma a ƙirjinsa akwai daftarin da babu shi a kowane ofishi. A nan na gane cewa ƙarancin da malamin nan ya ɗauka ado ne da ke jan sha'awa, sau da yawa rauni ne da ke neman mai dubawa. Gauraka ba a halicce ta mai wuyar gani ba. Ta cika fadamun arewa a zamanin iyayenmu, sai kamu don a kai gidajen masu hali, da bushewar fadamu, suka kai ta ga halin da kusan ba a samunta a dajin Nijeriya. Balbela ba ta bukatar a je nemanta domin lafiyarta lau. Wanda ake fita nema shi ne wanda aka daina gani, kuma ba a sanin an daina ganin abu sai in da ma akwai mai dubawa.

Asalin wannan a cikin Littafi yake. A Suratun Namli an ba mu labarin Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda aka hore wa aljannu da mutane da iska, yadda ya tsaya ya bincika rundunar tsuntsaye, ya lura babu alhudahuda, ya tambayi inda take, bai kuma bar maganar ba sai da ta zo da uzurinta, uzurin da ya zama sanadin shiriyar sarauniyar Saba'i da mutanenta. Imamu Ƙurɗubi, malamin tafsiri Bamalike wanda ya rasu a 1273, ya ciro hukunci daga wannan aya, cewa wajibi ne shugaba ya riƙa bibiyar halin talakawansa har mafi ƙanƙantarsu, ya kuma ƙarfafa shi da abin da aka ruwaito na tsoron da Sayyidina Umar ke yi kada a tambaye shi ko da ɗan akuyar da ya halaka a bakin Furatu. Annabi Sulaimanu bai nemi alhudahuda don ta fi sauran kyau ba, ya neme ta don gurbinta ya zama wofi, shi kuwa an ba shi amanar rundunar. Haka Bafulatani yake yi da magariba in shanu sun dawo: ba ya tsayawa yabon waɗanda ke gabansa, idonsa na kan wadda ba ta shigo ba, kuma ya san ta da sunanta da launinta. Ɗan Adam, da aka ce masa halifa a bayan ƙasa, in har kalmar tana da ma'ana, to, akwai garken da aka ba shi. Halifan da bai san abin da ke cikin amanarsa ba kuwa, balle ya san abin da ya salwanta, da wane baki zai amsa?

Tarihin su Turawan ma ya nuna bambancin mai dubawa da mai zato. Akwai wata dinya baƙa da fari da ke sauka a gaɓar Ayalan da Sikotilan da hunturu, wadda tun da ba wanda ya taɓa ganin ƙwanta, sai malamansu na zamanin da suka yanke cewa daga itacen da ya daɗe a teku take tsirowa, har wasu limamansu suka halatta cinta a kwanakin da addininsu ya hana nama. Sarki Firedirik na Biyu na Sikiliyya, wanda ya rasu a 1250, ya sa aka kawo masa irin itacen ya duba, bai ga alamar tsuntsu ba, ya ce lalle a wata ƙasa mai nisa take ƙwai. Haka kuwa abin yake, a tsibiran ƙanƙara na can arewa. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, tana nan a ajiye a jami'ar Rostok, ta zama shaida cewa tsuntsayen da ke ɓace musu da sanyi wurinmu suke zuwa. A 1899 wani malamin makaranta a Danmak, Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa don a san inda suke kaiwa. Amma abin da ya fi shafarmu shi ne na 1969. A bazarar wannan shekara masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila, galibinsu 'yan sa-kai ne masu ɗan littafi a aljihu, suka lura cewa wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke cin rani a ƙasashenmu na bakin Sahara, fiye da kashi biyu cikin uku nasa bai komo ba. Da aka bi sawu sai aka tarar ruwan sama ne ya gaza a nan. Watau gurbin ɗan tsuntsu a shingen gonar Ingila ya ba da labarin farin da 'yan shekaru kaɗan bayan haka, daga 1972 zuwa 1974, ya karkashe dabbobin Gobir da Adar da Damargu, ya kori mutane daga gidajensu. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a kowane watan Janairu a ƙasashe da dama, daga baya aka shigar da Afirka, kuma amfanin ƙidayar bai tsaya ga tsuntsaye ba, domin ruwan da ya ishi dinya shi ne ya ishi kifi da saniya da mai shinkafa.

Abubuwan da suka rage tsuntsayen kwarin Rima ba ɓoyayyu ba ne: farin shekarun 1970 da na 1984, madatsun ruwa da suka sauya yadda ambaliya ke zuwa, na Zobe a sama da Bunsuru, da na Jibiya a kan ruwan da ke zama Gulbin Maraɗi, da na Goronyo da aka gama a 1984, injin ban-ruwa da ke tsotse tafki kafin lokacinsa, da gatarin masu gawayi. Ba na cikin masu ɗora wa talaka laifin neman abinci. Manomin da ya kori dinya daga shinkafarsa yana kan haƙƙinsa, shari'a ta ba shi ikon tunkuɗe cuta. Maharbin da ya harbo guda ya kai wa iyalinsa halal ya ci. Matan da ke tsinkar bado a shekarar yunwa sun fi 'yar dinyar bado cancantarsa. Abin da shari'a ba ta ba kowa ba shi ne israfi da ƙarar da iri: zuba guba a ruwa, kwashe ƙwai gaba ɗaya, sare itacen ƙarshe a bakin tafki. Musulunci kuwa ya san keɓe wuri don maslahar jama'a tun daga Naƙi'u, wanda Annabi ya keɓe kusa da Madina, da Rabaza, wadda Sayyidina Umar ya keɓe, kuma kakanninmu sun san hurumi da burtali da tafkin da ba a su a cikinsa sai sarkin ruwa ya ba da izini. Hurumi ba ya tsayuwa sai da wanda ya san abin da ke cikinsa, saninsa kuwa ba ya samuwa daga zaure.

Saura hujja mafi nauyi, wadda ba malami ne ya kafa ta ba, zamani ne. Duk wanda ya san Tozai da Isa da Sabon Birni a yau zai ce: wane irin rashin kunya ne a yi zancen dinya a ƙasar da manomi ba ya isa gonarsa sai ya biya 'yan bindiga haraji, ƙasar da tun wajen 2019 dubun dubatar mutanenta da na maƙwabtanta suka tsallaka iyaka zuwa Gidan Rumji da sauran garuruwan jihar Maraɗi, ƙasar da a watan Disamba na 2021, cikin tsakiyar hunturu, aka ƙone matafiya da ransu a cikin mota a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa? Wannan tambaya ba ta da amsar da za ta share hawaye, kuma hukuncin da ke cikinta a bayyane yake: malaman usulu sun gabatar da kiyaye rai a kan duk abin da ke ƙasa da shi, saboda haka fita bakin tafki a inda ake tsoron kisa ko kamu haramun ne ga mai fita, ko me yake nema, kuma wanda ke da abin da zai kashe wajen tafiyar kallo alhali maƙwabcinsa ɗan gudun hijira ne, to, maƙwabcin ne farko.

Sai dai ina ganin masifar nan ba ta rushe abin da na faɗa ba, ta ƙara fito da shi ne ta fuskar da ta fi ciwo. Hukuncin da Ƙurɗubi ya ciro daga alhudahuda a kan mutane ya ciro shi. Ƙauyuka nawa ne suka zama kufai tsakanin Gagare da Gulbin Maraɗi ba wanda ya tsaya a gaban masu mulki ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya ce ina mutanen wuri kaza? Ɗabi'ar da ke sa a bar tafki ya mutu ba a lura ba, ita ce ke sa a bar gari ya watse ba a tambaya ba, domin ido ɗaya ne, in an koya masa wucewa ta kan gurbi ba ya tsayawa, ba zai tsaya ba ko gurbin na wane ne. Ban ce kallon tsuntsu zai kawo aminci ba. Aminci aikin hukuma ne da adalci da tuba. Abin da na ce shi ne al'ummar da ta rena mai lura da ƙaramin abin da ya ɓace, ta kira shi marar aikin yi, tana rage yawan masu lura a cikinta, kuma ranar da za ta bukace su ba za ta same su ba.

Hukuncin da na tsaya a kai ke nan: fitar mubahi ce a asalinta, tana zama abin zargi in alfahari ya ja ta, tana haramta in akwai halaka a hanya, tana kuma kai wa ga lada in an yi ta da niyyar tafakkuri da bibiyar amana, in ma babu mai yinta sam a ƙasa baki ɗaya, har iri ya ƙare ba a sani ba, ina tsoron a wayi gari an bar wani abu mai kama da farilla ta kifaya. A yanzu da hanya ta rufe, akwai ɓangaren aikin da ba ya bukatar a taka daji. Tsofaffin maharba da masunta na Tozai da ƙauyukan da ke kewaye da ita suna nan zaune a cikin Isa da Sabon Birni da Sakkwato da hayin iyaka, a gidajen 'yan'uwa da makarantun da aka mayar masauki, kuma kowannensu na ɗauke da irin daftarin da tsohon nan ya karanta mini a bakin tafki. Malaman makarantun boko da na allo, da ɗaliban da ke neman abin rubutawa, za su iya zama da su, su rubuta da boko ko da ajami sunan kowane tafki da inda yake, da sunan kowane tsuntsu yadda Gobirawa ke kiransa, da watan da yake sauka da wanda yake tashi, da itacen da yake sheƙa, da shekarar da aka yi masa ganin ƙarshe. Su rubuta kuma, a shafin da ke fuskantar wannan, sunan ƙauyen da mai ba da labarin ya baro, da unguwanninsa, da gidajen da ke cikinsa, da inda mutanen kowane gida suka nufa.